Nauyin da Ban Rubuta Ba

Azumin bana ya same mu cikin sanyi. Sanyin Guangzhou kuwa ba ya zuwa da hayaniya. Yayyafi ne siriri da ba ya ɗaukewa, bango yana gumi, rigar da ka shanya ranar Litinin ka dawo ranar Juma'a ka tarar ta fi jiƙewa. 'Yan kasuwar da suka sauka daga Kano makon jiya sun shigo sitona na Baiyun kowa da riguna huɗu, suna rawar ɗari kamar an jona su da lantarki. Na ce musu wannan ai fanka ce aka kunna lamba ɗaya. Ni na yi azumi a garin da idan ka yi sallama sai ta daskare a iska, dole mai gida ya ɗauke ta ya kai bakin murhu ta narke kafin ya amsa.

Suka kwashe da dariya. "Ɗanlami Kago, ka fara ko?"

Kowa a nan ya san ni da ƙari a magana. In na ga akuya sai ta zama saniya kafin in ƙarasa ba da labari. Amma sau ɗaya a rayuwata na yi ragi, kuma labarin wannan ragin zan bayar, ba tare da na ƙara masa ko gishiri ba.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Lokacin ban da sito, ɗan ɗaure kaya ne ni a wurin wani Basine da muke kira Lawban, wato mai gida da yarensu. Aikina in ɗora katan a sikeli, in naɗe shi da salatif, in rubuta nauyinsa da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki. Abokin aikina Isuhu ne, mutumin Maraɗi, dogo siriri, ba ya dariya sai ya gama auna ko abin ya cancanta. Ɗaki ɗaya muke kwana a wani lungu bayan Huanshi Lu. Shi yake dafa shayi, ni nake surutu.

A shekarar Lawban ya samu kwangilar kai kaya wani sansanin haƙar ma'adinai can ƙurewar arewa, inda hanyar mota ke rufewa da zarar sanyi ya shigo, sai ɗan ƙaramin jirgin sama. A sansanin akwai 'yan Nijar takwas da aka kawo koyon aiki, cikinsu har da Mamman, ƙanin Isuhu uwa ɗaya uba ɗaya. Lawban ya ce mu biyu za mu bi kayan mu yi aikin lodi a filin jirgi har ƙarshen sanyi.

Labari ya zagaya unguwa cewa akwai 'yan'uwa Musulmi takwas da za su yi azumi cikin ƙanƙara, ba gero ba dabino. To ka san halinmu. Bahaushe ba ya ganin mai tafiya ya bar shi ya tafi hannu sake, kuma mai tafiya ba ya cewa ba zai karɓi saƙo ba. Hajiya Indo mai sayar da abinci ta kawo kuka da daddawa da yaji. Alhaji Sale ya kawo dabino buhu guda. Wani ya kawo man gyaɗa jarka biyu, wani sukari, wani Bamaraɗe ya sadaukar da geron da ya taho da shi don kunun kansa. Kowa da kalma ɗaya: "Ɗan wannan ne kawai, saka min."

Matsalar ita ce Lawban ba ya ɗaukar abin da ba na kamfani ba, kuma na riga na auna katan-katan na rufe na rubuta. Isuhu ya ce, "Bakano, ga dabara. Katan goma sha ɗayan nan na barguna ne da rigunan sanyi. Mu buɗe mu cusa a tsakiya, mu mayar da salatif. Wa zai sani?"

"Lambar fa?"

"Bar ta yadda take. In ka canza ya gane."

Muka buɗe, muka cusa, muka rufe. Katan da na rubuta wa kilo goma sha takwas, sai da mu biyu muka ɗaga shi muna nishi. Ina ta yi musu barkwanci cewa bargunan nan sun ci tuwon sahur. Kowa ya yi dariya, aka yi mana addu'a, aka raka mu tashar jirgin ƙasa.

Kwana uku muna tafiya. Kore ya ƙare, ruwan ƙasa ya ƙare, duniya ta zama fari fat kamar an shimfiɗa mata likkafani. Da muka sauka na ja numfashi sai na ji gashin hancina ya zama allurai. Filin jirgin ba komai ba ne illa titi ɗaya, da rumfar kwano, da ɗaki mai murhun kwal inda aka ajiye mu. Jirgin kansa tsoho ne mai farfela biyu, na tabbata ya girmi babana. Matuƙinsa wani dattijo ne mai furfura da muke kira Kyaftin, da mataimakinsa. Kyaftin ba ya yawan magana. Kullum da ɗan littafi da fensir a aljihu, yana lissafin abin da zai zauna gaba da abin da zai zauna baya.

Azumi ya kama kwana biyu da saukarmu. Da farko na yi murna, don rana ba ta fitowa sai hantsi, ƙarfe huɗu kuma ta faɗi. Na ce wa Isuhu wannan ai azumin jarirai ne. Ashe sanyi ya fi rana iya cin mutum. Ka yi sahur da dafaffen dankali da kabeji da ruwan zafi, kafin ka ƙarasa rumfa cikinka ya manta. Leɓe ya tsage, ƙishirwa ta busar da maƙogwaro alhali ruwa ne daskararre ko'ina ka duba. Ruwan alwala sai mun ɗebo dusar ƙanƙara a bokiti mun ɗora a murhu, kuma in ka yi jinkirin shafar kai sai gemunka ya yi ƙaho. Nama babu, sai ranar Juma'a idan mun taka rabin awa zuwa wani ƙauye na Musulmin Sin, wani dattijo mai farar hula ya ba mu ƙashin rago mu yi romo. Isuhu yakan tafasa ƙashin nan kwana huɗu, har ƙashin ya fara roƙon a sake shi.

Ga dabino da gero a rumfa, taku ashirin daga inda muke kwana. Ko ƙwaya ɗaya Isuhu bai yarda mu taɓa ba. "Amana ce, Bakano. Ba namu ba ne."

Aikinmu kullum iri ɗaya. Gari na wayewa mu ɗauki tsintsiya mai dogon mariƙi mu share fukafukan jirgi. Bakanike ya kawo wani injin hura zafi ya ɗumama injinan, sannan ya fesa wa fukafukai wani ruwa mai ɗumi da ke hana ƙanƙara kamawa. Kyaftin ya zo ya cire safar hannu ya shafa fiffike da tafinsa. Ya taɓa nuna min da hannu da guntun yaren da nake ji cewa ba tudun ƙanƙara yake tsoro ba, wannan kowa na gani. Abin tsoro shi ne ɗan siririn nan mai kaushi kamar takardar goge katako, wanda ido ba ya gani. Shi ke hana iska riƙe jirgi. Daga nan sai lodi: masu nauyi a gaba kusa da fukafukai, marasa nauyi can wajen wutsiya, a rufe da raga a ɗaure da bel. Sikelin filin kuwa tun farkon sanyi allurarsa ta kafe, don haka abin da ke rubuce a jikin katan shi Kyaftin ke kwafewa a littafinsa. Rubutuna ke nan.

Jirgi na zuwa sansanin sau biyu a mako idan sama ta yarda. Kowace tafiya kayan aiki ake fara ɗauka, katan ɗinmu goma sha ɗaya suna zaune a lungu. Isuhu ya bi su da kallo kamar mai jinya.

Sai guguwa ta sauka a tsakiyar azumi. Kwana tara ba ka ganin hannunka. Iska tana kuka a jikin kwano, kwal ya fara ƙarewa, muka koma dankali ɗaya sahur ɗaya buɗa-baki. Kullum da rana sansanin na kira ta rediyo: abinci ya kusa ƙarewa, mutum biyu na zazzaɓi, barguna sun yi kaɗan. Ran nan aka ba Mamman ya yi magana. Muryarsa tana yankewa, amma mun ji abin da ya ce: "Yaya, da ruwan zafi muke shan ruwa." Isuhu ya fita waje ya daɗe. Lawban kuma yana bugo waya daga Guangzhou yana ihu har sai an nisanta kan wayar daga kunne.

Rana ta goma iska ta kwanta, amma hazo ya zauna a kan bishiyoyi. Kyaftin ya dubi sama ya girgiza kai. Aka sake kira daga sansanin, aka sake kira daga Guangzhou. Kyaftin kuwa kwana biyu yana tari bai yi barcin kirki ba. A ƙarshe ya ce a yi lodi.

Muka share fukafukai. Na tambayi bakanike ruwan feshi, ya buɗe hannu ya ce, "Meyo." Babu, ya ƙare, motar da za ta kawo ta maƙale a hanya. Muka ƙara sharewa da tsintsiya har kafaɗa ta mutu. Buhunan garin fulawa da shinkafa suka shiga gaba. Tunda ana kukan barguna, Kyaftin ya nuna katan ɗinmu ya ce yau su ma za su tafi. Ya duba lambobin, ya ga marasa nauyi ne, ya nuna wutsiya. Bel biyu sun tsinke tun makon jiya, sai muka ƙarasa ɗaurin da igiya, da yatsun da ba na jin su.

Muna cikin jan katan na ƙarshe Kyaftin ya sa ƙafa ya ɗan tura shi. Katan bai motsa ba. Ya sake turawa. Ya sunkuya ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya nuna lambar da fensir. Tambayar ba ta buƙatar tafinta.

Na san gaskiya. Na kuma san in na faɗa za a sauke su duka, a buɗe, a bar gero da dabino a rumfa, wataƙila a kore mu. Na waiwaya, Isuhu yana bayan Kyaftin, idonsa a kaina, bai ƙifta ba. Sai bakin nan nawa ya yi abin da ya saba. Na rungume jikina ina karkarwa, na ce da guntun yarensu, "Barguna ma sun ji sanyi, sun daskare." Mataimakin ya yi dariya. Kyaftin bai yi ba. Ya ƙara kallona na ɗan lokaci, sannan ya rubuta goma sha takwas.

Isuhu ya roƙa a tafi da shi ya taimaka wajen sauke kaya, aka ba shi wata 'yar kujera a gaban lodin. Aka jira kusan awa guda hazo ya ɗan ɗaga. Da zan sauka daga tsani na dafa fiffike, na ji kaushin nan ya dawo a tafina. Kyaftin yana ciki ya riga ya ɗaure bel. Shi ma wannan ban faɗa ba.

Isuhu ya leƙo ta ƙofa. "Bakano, ka tafasa ƙashin nan kafin in dawo."

"Ƙashin nan ya kai ƙara kotu," na ce. Ya auna, ya ga ta cancanta, ya yi dariya. Aka rufe ƙofa.

Jirgin ya cinye titin kusan duka kafin ya ɗaga. Da ya ɗaga sai hancinsa ya miƙe sama fiye da yadda na saba gani, wutsiya ta yi ƙasa kamar wani ya riƙe ta. Ya yi rawa hagu, ya yi dama, hazo ya haɗiye shi. Injinan suka yi wani irin kuka. Sai ƙara ɗaya mai nauyi, kamar an yar da buhu daga bene. Bayan nan shiru.

Nisan bai kai tafiyar minti ashirin ba a lokacin rani. Mu ya ɗauke mu awa uku, da tarakta da shebur, muna nutsewa har ƙugu. Abin da na fara gani tun kafin in ga jirgin shi ne dabino, baƙi-baƙi a warwatse kan farar ƙasa, da gero ya yi layi rawaya. Jirgin ya faɗa kan wani daskararren kogi. Kyaftin ya rasu a kujerarsa. Mataimakin yana da rai, ƙafafunsa biyu a karye. Igiyata ta kwance, kayan baya sun taho gaba gaba ɗaya, Isuhu yana ƙarƙashinsu daga ƙirji zuwa ƙasa.

Muka janye katan-katan. Yana numfashi, fuskarsa ta yi toka, gashin idonsa fari. Na lulluɓe shi da bargunan da suka zube. Ya buɗe ido ya ce a hankali, "Rana ta hwaɗi?"

Na duba, ba a ganin rana, amma farin ya fara komawa shuɗi. Na ce ta faɗi. Na tsinci dabino ɗaya, ya yi tauri kamar dutse, na sa shi a hammata har ya yi laushi, na ɓare na sa masa a baki. Ya ɗan tauna.

"Na su Mamman ne hwa," ya ce.

"Na ranta maka guda ɗaya."

Bai auna wannan ba. Kafin mu kai shi tarakta ya cika.

Ƙasar ba ta haƙuwa. Dattijon nan mai farar hula da mutanen ƙauyensa suka hura wuta a maƙabartarsu kwana biyu, a haƙa taƙi ɗaya a sake hurawa. Aka kawo Mamman da abokan aikinsa bakwai da wani jirgin, suka iso ana gab da sallar jana'iza. Mu tara Hausawa da su goma sha wani abu muka yi masa sutura. Mamman ya riƙe hannuna ya ce Allah ya saka min da na tsaya wa yayansa. Na ce amin.

Masu bincike sun zo sun tattara komai, har katan-katan suka auna da sikelin da suka taho da shi. Abin da aka fassara mana shi ne abubuwa ne suka haɗu: kaushin ƙanƙara a fukafukai, nauyi ya yi yawa a baya, kaya sun zame, ga hazo, ga matuƙi a gajiye da aka matsa wa ya tashi. Suka ce da ɗaya ne kawai, ko biyu, wataƙila da ya sha. Lawban ya sallame ni ba tare da hayaniya ba, don shi ma yana da nasa abin ɓoyewa. Da na dawo Huanshi Lu kowa ya ce ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Na yarda da wannan har zuciyata. Amma ƙaddarar da baƙar makata ta zo, kuma rubutun nawa ne.

Yau jiragen da ke ɗaukar kayanmu daga Baiyun manya ne, sai ka zuba unguwa guda a ciki, kuma a filin ana sake auna komai da na'ura. Abokan ciniki suna gaya min haka kullum. Duk da haka a sitona in an rufe katan aka kawo ko allura ce, sai an yanke salatif an koma sikeli an sake rubutu. Alhaji Sale, da ya tsufa yanzu, yana ce min Bakanon da ya fi Bature ƙa'ida. Ina mayar masa da wasa. Ban taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Mamman ya bar haƙar ma'adinai tuntuni, ɗan kasuwa ne yanzu, duk shekara yana zuwa daga Maraɗi sayen tufafi a kasuwar Guangyuan, kuma ni nake aika masa kayan. Shekaranjiya da la'asar ya shigo a jiƙe da yayyafi, na riga na rufe masa katan shida. Ya ciro wani ɗan ƙulli daga jaka.

"Yaya Ɗanlami, 'yan kunne ne na ɗiyar marigayi, ta haihu. Ɗan wannan ne kawai, saka min."

Na ɗauki wuƙa, sai hannuna ya tsaya. Ko sanyin ne, ko azumin, ban sani ba. Na ce ya zauna. Na gaya masa duka: lambar da ban canza ba, ƙafar Kyaftin a jikin katan, barkwancin da na yi, kaushin da na ji a tafina na yi shiru. Ban ƙara komai ba, ban rage ba. Rabon da in yi magana mai tsawo haka ba wanda ya yi dariya, na manta.

Ruwa yana ɗiga daga hularsa.

"Yaya," ya ce, "kana tsammani Isuhu ne ya yi dabarar barguna? Mutumin da bai taɓa ɓoye ko goro ba? Ni na bugo mai waya tun kuna nan. Ni na ce ya turo gero, in patron, mai gidanku, ya ƙi, a cusa cikin barguna." Ya share fuska da tafinsa. "Shekara ashirin ban sha kunu ba. Matata na cewa ƙyanƙyami ne."

Yayyafi na sauka a kan kwano, har wayarsa ta yi kiran sallah. Na buɗe aljihun tebur na ciro dabino biyu, na ba shi ɗaya.

Da muka idar da magariba ya miƙe ya karɓi wuƙar daga hannuna. Shi ya yanke salatif ɗin, ya sa ƙullin, ya rungumi katan ya ɗora a sikeli. Muka tsaya muna kallo har lambar ta daina rawa. Bambancin bai kai nauyin ƙwai ɗaya ba. Ya miƙo min baƙar maka, na soke tsohuwar lambar, na rubuta sabuwa.